Gwaggo a Hannun Hukuma

Kafin motarmu ta haye gadar Jebba na nuna takardar nan a shinge bakwai. Ko'ina mai kaki zai juya ta gaba da baya, ya dubi hatimin, ya miƙo mini abata ya ce mu wuce. Ina zaune a kan buhunan masara, sai na zunguri abokin tafiyata Idi na ce, "Ka gani ko? Lasin garinmu har Kurmi yana ci." Idi mutumin Yako ne, ba ya son musu, ya ce Allah ya sa. Ni kuwa har haushinsa na ji, don a ganina abin da ya riga ya tabbata ba ya bukatar wani Allah-ya-sa. Allah ya yafe mini, a lokacin kaina ya yi girma.

Sunana Haladu, daga wani ƙauye a bayan Burumburum. Gidanmu gidan maharba ne, amma tun da aka hana shiga dajin gwamnati sai harbin ya koma suna kawai. Noma muke yi kamar kowa, in masara ta fara nuna a kira mu korar birai da aladen daji. Shi ya sa da labari ya zo cewa wata ƙaramar hukuma a ƙasar Yarbawa tana neman maharba su tsare mata gonakin rogo, ban yi shawara da kowa ba sai Baba, shi ma don bindigar a hannunsa take.

Dole in yi bayanin bindigar nan, don ita ce labarin. Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kakana ne ya sa wani maƙeri a Doguwa ya ƙera masa ita tun kafin ya yi aure, yana kiran ta 'yarsa ta fari. To 'yar fari ga Kaka ai yayar Baba ce, yayar uba kuwa gwaggo ce. Haka muka tashi muna ce mata Gwaggo, har a ƙauyukan da ke kewaye da mu ba wanda zai ji an ce Gwaggo ta yi magana a gonar wane ya zaci mutum ake nufi. Baba ya ba ni ita aro, ya ce in je in dawo masa da 'yar'uwarsa. Ya haɗa mini da takardar da ake yankar masa duk shekara a sakatariya, wadda kowa a wajenmu yake kira lasin. Na kai wa masu hoto a Tudun Wada suka rufe ta da roba don kada ruwan Kurmi ya ci ta. Turanci ne a jikinta, ni kuwa karatuna na allo ne, sai 'yar Hausar boko ta lallaɓawa.

Garin da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba, don waɗanda suka yi mini alheri da waɗanda suka wahalar da ni duk suna nan da ransu. Ciyaman ɗin wurin ya tarbe mu da kansa, mu goma sha biyu, ya raba mana riga mai ruwan ganye da kati mai hoton kowa. Ta bakin tafinta ya ce mana a ƙasarsa shi ne hukuma, duk wanda ya tare mu mu nuna masa katin. Na sa katin a aljihu ɗaya da lasina, na ji ni cikakken mutum.

Aikin ba shi da wuya ga wanda ya saba. Daji ne mai duhu ko da rana tsaka, ƙasa kullum a jiƙe, albarushi sai ka zuba shi a gora ka toshe da kyau, in ba haka ba ka ja kunama ka ji shiru. Aladen dajinsu sun fi namu ƙiba da rashin kunya. Cikin wata biyu Gwaggo ta koya musu ladabi, har masu gona suka fara aiko mana da doya da manja.

Abinci ne ya so ya kore ni. Akwai wata tsohuwa mai sayar da tuwo a bakin kasuwa, kowa Iya yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ranar farko ta zuba mini wani baƙin tuwo da miya mai yauƙi, da barkonon da ya sa na yi hawaye da majina a gaban jama'a. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Washegari na tarar ta ware mini miya a wata 'yar tukunya, barkonon kaɗan. Ita ba ta jin Hausa sai "sannu", ni ba na jin Yarbanci ko na sayen ruwa, amma haka muka yi watanni muna hira. In kewar gida ta taso mini, na tuna tuwon masara da miyar kuka da man shanun Fulanin da ke bayan gidanmu, wurinta nake zuwa in zauna in yi ta ba ta labarin matata Asabe da 'ya'yana, tana gyaɗa kai tana tsinke ganyen miya.

Ana wata ga wata. Ranar wata kasuwa da hantsi, mun dawo daga gona ke nan, sai ga motoci biyu na jami'an jiha. Ashe tun makonni gwamnatin jihar ta yi sanarwa a rediyo cewa ba ƙaramar hukumar da ke da ikon ba wani izinin riƙe bindiga, ko da ta toka ce, kuma duk mai ita ya kai a duba. Da Yarbanci da Turanci aka yi sanarwar. Ciyaman ya ji, ya ce ba da shi ake ba. Mu kuwa ba wanda ya gaya mana.

Na fito gaba da ƙarfin gwiwata na miƙa kati. Cikinsu akwai wani mai jin Hausa, ya duba ya ce, "Wannan na ciyaman ne. Ina na jiha?" Na yi murmushi irin na wanda ya shirya, na zaro lasina. Ya karanta, ya nuna wa na kusa da shi, suka ɗan murmusa.

"Malam, ka san mene ne wannan?"

"Lasin bindiga."

"Rasit ne. Shaida ce cewa an biya kuɗin shiga a ƙaramar hukumarku. Irinsa ake ba mai amalanke da mai injin markaɗe."

Na ce masa shekara talatin Baba yana riƙe da irin takardar nan, ba wanda ya taɓa ce mata rasit.

"A garinku kowa ya san babanka," in ji shi. "A nan wa ya san shi?"

Su mutanen sakatariyarmu abin da takardar take shi suka rubuta a jikinta, mu ne muka ga hatimi muka raɗa mata suna. Jami'an suka tattara bindigoginmu, suka ce mu ba za a kama mu ba tunda ciyaman ne ya kawo mu. Amma sun ba da kwana arba'in: duk wadda mai ita bai kawo cikakkiyar takarda ba, za a yayyanka ta da injin walda a gaban jama'a. Ina tsaye aka jefa Gwaggo a bayan mota a kan sauran, bakinta a ƙasa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Kwana tara na yi ina zarya a ofishin ciyaman. Mutum ne mai fara'a, kullum sai ya sa a ba ni kujera da ruwan sanyi, sannan ya buga tebur ya yi mini wa'azi ta bakin tafinta. "Gwamna yana birni, bai san inda rogo yake fitowa ba. Ni jama'a suka zaɓa in tsare musu gona. Kotu zan kai su." Da muka fito na tambayi tafinta kotu kwana nawa take ɗauka. Ya ce in an yi sauri shekara biyu.

Abokan tafiyata suka fara ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Idi ne na ƙarshe. Ya ce, "Haladu, faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Mu je gida. Maƙera ba su ƙare ba, a ƙera wa Baba wata." Na tambaye shi a ina ya taɓa jin maƙeri ya ƙera wa mutum gwaggo. Bai ji haushi ba. Ya bar mini bargonsa da ragowar garin kunun da matarsa ta ƙulla masa, ya hau mota.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Juma'a. Duk Juma'a nakan kira wayar ƙanena ya miƙa wa Baba, mu gaisa, ya tambayi aiki da ruwan sama, sannan ya ce, "Ya Gwaggo?" In ce, "Tana lafiya, Baba." Ya ce to madalla. Sau uku a jere na yi wa mahaifina ƙarya, kowace kuma in na kashe wayar sai in kasa cin abinci.

Da na ga zaman ba ya haifar da komai sai na ce zuwa da kai ya fi aike, na hau mota zuwa babban birnin jihar. A ƙofar ofishin da aka kai bindigogin, ƙarƙashin wani mangwaro, na haɗu da wani mutum mai taye da jakar hannu, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya saurare ni da kyau, har da girgiza kai. Ya ce shi na ciki ne, irin wannan ba ya wuce masa awa ɗaya. Ya karɓi abin da ke aljihuna, ya ce in ba shi wayata ma don oga ya ga hoton bindigar. Na ba shi ina godiya. Ya shiga ta ƙofar gaba ina kallonsa. Na zauna a gindin mangwaron har la'asar, sai wata mai sayar da lemo ta gaji da ganina, ta kama hannun rigata ta zagaya da ni bayan ginin ta nuna mini wata ƙofar da ke fita titi. Ba ma'aikacin wurin ba ne sam. Ta ɓare lemo biyu ta ba ni, ta ƙi karɓar ko godiya.

Da tambaya na isa Sabo, unguwar Hausawa. Na sami wurin ajiye haƙarƙari a harabar masallaci, da rana in yi dakon albasa in sami na abinci. Ranar wata Litinin da safe, saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika, wani mai shayi ya ce in je zauren Sarkin Hausawa in faɗi damuwata. Na tarar da dattijo fari mai gemu, jama'a zazzaune a gabansa. Daga baya na ji iyayensa suna cikin waɗanda ruwan Tiga ya tasa daga garinsu, shi kuma ya gangaro Kurmi yana saurayi. Da na yi gaisuwa na faɗi garinmu sai ya gyara zama.

"Burumburum? Ai ɗan gida ne. Matso nan, ɗana. Me ke tafe da kai?"

Jin Hausar gida a bakinsa, da kalmar nan ta ɗana, sai kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni.

"Ranka ya daɗe, Gwaggo suka tsare mini."

"Su wa?"

"Jami'an jiha. Yau kwana ashirin da takwas."

Sarki ya ƙura mini ido.

"Me ta yi musu?"

"Wai ba ta da takarda."

"Takarda kuma? Shekarunta nawa?"

"Ta ba saba'in baya, ranka ya daɗe. Ta girmi Baba."

"Ina suka ajiye ta?"

"A sito aka ce mini. A ƙasa, kan siminti, ga damina. Ita kuwa ba ta son sanyi."

Sai salati ya tashi ta ko'ina. Wani ya ce abin har ya kai ga tsofaffi. Sarki ya miƙe tsaye ya ce a kira masa lauya, a fito da motoci. Zan faɗi gaskiya: tun a tambayar shekaru wani abu ya ɗarsu a raina. Amma jama'a sun riga sun ɗauki zafi, ni kuma kusan wata guda ban ga wanda ya ɗauki damuwata tasa ba, sai daɗin abin ya rufe mini baki. Kafin awa ɗaya mota uku sun cika. Aka sa ni a ta Sarki, kusa da shi. Muna shirin tashi sai ga saƙo daga uwargidansa: fulas na kunu, da zane mai kauri, da man zafi, wai a shafa wa tsohuwa a ƙafa. Aka ɗora mini su a cinya. Mun yi tafiya kaɗan na ji ba zan iya ba.

"Ranka ya daɗe, akwai maganar da ban ƙarasa ba. Gwaggo bindiga ce."

Direba ya taka birki. Lauya, wani siririn mutum mai gilashi da ke gaba, ya juyo gaba ɗaya. Na sunkuyar da kai na zayyana musu komai, tun daga Kaka da maƙerin Doguwa har zuwa rasit. Na gama ina jiran a buɗe ƙofa a ce in sauka. Da na saci kallon Sarki, sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ya toshe baki da hannun riga, hawaye na zuba.

"Mutanen Burumburum," ya ce da ya sami numfashi, "Allah ya shirye ku." Ya share ido. "Direba, mu je. Mun riga mun fito, kuma kunu zai huce. Mu gaida tsohuwa."

Wadda ke kula da sha'anin bindigogin mace ce mai furfura, kowa Madam yake ce mata. A Zariya ta tashi, inda mahaifinta ya yi aikin jirgin ƙasa, Hausarta tsaf. Lauya ya ba ta labarin tun daga zaure. Ta yi dariya, ta ce tunda mai kunun ba ta sha, a zuba mata ita. Sai da ta shanye kofi ɗaya sannan ta dube ni.

"Malam Haladu, bari in gaya maka abin da ba wanda ya zaunar da kai ya gaya maka. Ciyaman ya san ka, ya san gonar da kake tsaro, amma doka ba ta ba shi hatimin bindiga ba. Mu hatimin yana hannunmu, amma ba mu san ka ba. In na ba ka ita yau, gobe ta harbi mutum, wa zan tambaya? Ka kawo mini wasiƙa biyu. Ɗaya daga masu garinku, su ce sun san ka, sun san asalin bindigar. Ɗaya daga ciyaman, ya roƙi jiha ta ba ka izini. Ranar da ka kawo su, ranar zan buga maka."

"Ciyaman ba zai roƙa ba," in ji lauya. "Ya ce ƙasarsa ce."

"To ya zo ya buga hatimin da ba shi da shi."

Wasiƙar farko ba za ta samu ba sai na gaya wa Baba. Sarki ya ba ni wayarsa, na fita waje na kira ƙanena, ya kai masa. Muka gaisa. Ban bari ya yi tambayar ba.

"Baba, Gwaggo tana hannun hukuma. Kusan wata guda ke nan. Ƙarya nake yi maka."

Ina jin kaji suna kuka a tsakar gidanmu, da ƙarar turmin Asabe.

"Na sani," ya ce.

"Idi ne ya faɗa?"

"Idi bai tako nan ba, kunya ta hana shi. Kai ka faɗa da bakinka. Maharbi in an tambaye shi bindiga cewa yake ta kayar da abu kaza, ta kuskure abu kaza. Kai kuwa kullum tana lafiya, tana lafiya. Asibiti ka kai ta? Kai sun taɓa ka?"

"A'a, Baba."

"To alhamdu lillahi. Me ake so?"

Washegari tsohon nan da idonsa ya fara dishi ya hau bayan babur ya je gun dagaci, daga nan ya wuce gun hakimi. Aka rubuta, aka buga hatimi, ƙanena ya kai wa wani direban tumatir a Kwanar Dangora. Kwana uku wasiƙar ta iso Sabo, tare da ƙullin kuka da daddawa daga Asabe. Na daɗe ina shinshina ƙullin nan kafin in buɗe wasiƙar.

Na koma gun ciyaman, lauya ya raka ni don Allah. Ciyaman ya karanta abin da aka tsara masa ya ture takardar. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a wuya. "Ni in roƙi jiha a kan ƙasata?" Muka yi magiya har muka gaji. Saura kwana biyar.

Na tafi rumfar Iya na zauna. Ta zuba mini tuwo, na kasa kai loma. Ta daɗe tana kallona, sannan ta aika aka kira wata tela da ta taɓa zama a Kano, ta fassara mata abin da ke faruwa. Iya ta miƙe. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu da shi. Ashe ita ce shugabar matan kasuwa. Kuma tun da aka kwashe bindigoginmu aladen daji suka mai da gonakin rogo gidan biki, mata masu suyar garin kwaki suka zauna ba aikin yi. Washegari da safe sakatariya ta cika da mata, kowace da kwanonta wayam. Ba zagi, ba ihu. Suka zauna a bakin ƙofa suna kaɗa kwanonin da cokali, a hankali, ba tsayawa. Kafin azahar ciyaman ya aiko a kira mu.

Lauya ya ce masa, "Yallaɓai, mu cire roƙo. Mu sa kana gabatar da su." Ciyaman ya maimaita kalmar sau biyu, ya ga ba ta rage masa tsawo ba, ya sa hannu. Har ya ce a jera sunayenmu duka goma sha biyu. Da Madam ta karanta sai ta yi murmushi ta ce gabatarwa ma ai roƙo ne da ya sa babbar riga. Ta jawo hatimi ta buga.

Saura kwana biyu aka buɗe mini sito. Bindigogi ne jibge har kusan ƙugu, wurin yana warin tsatsa. Mai sito ya ce in yi sauri. Ban sha wahala ba. Ƙotarta na hango, da kwabo uku masu huda da Kaka ya kafa mata, da fatar wutsiyar sa da aka ɗaure ta da ita. Na zaro ta na goge da rigata na ce, "Sannu, Gwaggo." Mai sito ya waiwaya yana neman wadda nake gaisarwa.

Aka buga mata lamba a jikin ƙarfe, aka ba ni lasin na gaskiya. Madam ta ja mini kunne cewa a jiharsu kawai yake aiki. In zan tafi gida in zo ta ba ni wasiƙar hanya, in na isa kuma in nemi na jiharmu. Na ce ashe shi ma yana da iyaka. Ta ce kowace takarda da garinsu. Bindigogin abokaina kuwa ta sa aka ware su gefe, tunda sunayensu suna cikin wasiƙar ciyaman. Idi da wasu huɗu sun dawo da takardun dagatansu sun karɓa, muka ƙarasa aikin tare har aka haƙe rogo. Ranar da zan taho na yi wa Iya miyar kuka da hannuna. Ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta ƙara barkono.

Yanzu maharban yankinmu, daga Kiru da Bebeji har Doguwa, da dama sun bi hanyar nan: shaida daga masu gari, izini daga jiha. Ni nake yi musu jagora, ni da ban san rasit ba. In tsoho ya zaro tasa a cikin roba yana taƙama, ba na yi masa dariya, don na san inda dariyar take kai mutum. Amma wannan daga baya ne.

Da la'asar na isa gida. Baba yana zaune a zaure a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance buhu na ɗora masa ita a cinya. Ya shafa ta tun daga baki har ƙota, yana ƙirga kwabbai da yatsa. Sai yatsan ya tsaya a kan lambar.

"Wannan fa?"

"Lambar hukuma ce, Baba."

"Sun yi mata tsaga da tsufanta." Ya kai bakinta hanci ya shinshina. "Ta sha ruwa."

"Ta sha. Laifina ne."

Na ɗauke ta na nufi ɗakinsa don in rataye ta. A bangon ɗakin akwai wata doguwar ƙusa da Kaka ya kafa, a nan take kwana tun kafin a haife ni. Na ɗaga hannu ke nan sai na ji sandarsa a bayana.

"Dakata."

Ya lalubi bango har ya kama ƙusar. Ya yi ta girgiza ta hagu da dama, ƙasa tana zubo masa a hannun riga. Na ce ya bari in taimaka, ya ce a'a. Ya daɗe yana fama kafin ta fito. Sai ya nemo hannuna, ya sa mini ita a tafi, ya dunƙule mini yatsu a kanta.

"Je ka kafa a ɗakinka," ya ce. "Ka kafa da tsayi, saboda yara."